Minti Arba'in a Tanderu

"Ɗanya ce," in ji Kawu Genival. "Da hannuna na taɓa ta, ɗanya ce shar."

Na ce masa ba hannu aka ce ya sa ba, agogo aka ce ya duba. Minti arba'in. Yana nan rubuce a ƙofar tanderun da jan alƙalami, ni na rubuta, da manyan baƙaƙe saboda idonsa.

"Agogo ya san wuta? Shekara talatin da ɗaya ina gaban tukunya, ba wanda ya taɓa ɗaura min agogo. Sai kai, da aka yaye shekaranjiya."

Na tambaye shi awa nawa ya bar su. Ya ɗaga kafaɗa. Wai biyu, ko biyu da 'yan kai. Wai dai har sai da suka yi.

Fatun suna shimfiɗe a kan tebur tsakanina da shi, guda ashirin da huɗu. Kamata ya yi su fito garau kamar ledar burodi, da ɗan rawaya kaɗan in ka ɗaga su a haske. Waɗannan launin shayi suka yi. Na ɗauki ɗaya na lanƙwasa gefenta, ta ce ƙas. Litinin ce da safe. Gwaji kuma ranar Alhamis.

Fata muke ce musu a ɗakin, amma roba ce, siririya, ba ta kai kaurin gashi ba. Barasar da masana'antarmu ke dafawa daga rake don motoci tana fitowa da ruwa kashi bakwai cikin ɗari. A sake dafa ta sau goma, ruwan nan ba zai rabu da ita duka ba, kuma ba a garwaya ta da fetur sai an cire shi. Aikin ɗakinmu ke nan. Barasa mai zafi ta bi ta saman fata, famfo yana zuƙe iska daga ƙasa, ruwan ya ratsa ya fita tururi, ya taru a kwalbar sanyi. Barasar ta tsaya a sama.

Dakta Rosineide ce mai aikin. A Recife take koyarwa, Laraba da Alhamis kawai take zuwa wurinmu. Ranar da na fara, ta yi min bayani sau ɗaya, ba ta sake ba. Wai robar nan zaruruwa ne dogaye, a cakuɗe kamar taliya a tukunya. In aka bar su haka, ruwa ya shiga su kumbura, su buɗe, barasa ma ta bi bayan ruwan ta wuce. Shi ya sa ake zuba garin tsamin lemo a cikin ƙullun, a shafa, a sa a tanderu. Zafi ya sa tsamin ya kama wannan zare ya kama wancan, ya ƙulle su. In ƙullin ya yi kaɗan, fata ta jiƙe ta saki komai. In ya yi yawa, ta tsuke, ruwan ma ya rasa hanya, ta yi tauri, abu kaɗan ta tsage. Tsakanin biyun akwai ɗan wuri. Shekara huɗu ta yi tana neman sa. Zafi ɗari da talatin, minti arba'in.

Shugabannin masana'anta sun ba mu zuwa ƙarshen kakar rake. Lita ɗari biyu, a busar da ita cikin awa takwas, a gaban injiniyansu. In mun yi, za a gina babban ɗaki, ni ne zan riƙe shafa fata. In ba mu yi ba, a rufe ɗakin, a sayo injin busarwa daga kudu, wanda mutum ɗaya ke kula da shi daga gaban kwamfuta. Ni sakandare na gama. Kafin ɗakin nan buhun suga nake ɗauka, yanzu bel ɗin inji ne ke ɗauka. Shekara biyu da rabi na yi ina shafa fata, har Dakta ta daina duba kaurin tawa. Ban iya wani abu ba bayan shi, kuma ba wani wuri a duk yankin nan da ake yin sa.

Abin da ya sa ban ce a sake wasu ba shi ne ƙyallen. Fatar ba ta tsayawa ita kaɗai, a kan wani farin ƙyalle mai kama da takarda ake shafa ta. Daga ƙasar waje yake zuwa, wata biyu a hanya. Naɗi na ƙarshe na yanka ranar Juma'a, na shafa duka ashirin da huɗu, na bar su su sha iska. Asabar na tafi garin Goiana rubuta jarrabawar shiga makarantar koyon sana'a, wadda Dakta ta matsa min in yi. Na bar wa Kawu tanderu. Sawa da cirewa ne kawai.

Wan mahaifiyata ne. Mazarƙwaila yake dafawa a kan tsaunukan Paraíba tun kafin a haife ni, har mai gonar ya mutu, 'ya'yan suka sayar da filin aka zuba shanu. Ya dawo gidanmu da jaka ɗaya da ludayinsa. Wata takwas yana zaune a baranda yana kallon hanya. Mama ta riƙa bi na da magana, safe da yamma, har na je na ce wa Dakta ina da mutumin da ya san wuta. Ban yi ƙarya ba.

A gaban teburin, Kawu ya ɗauka na fara sauka. Ya jawo kofin da muke shan kofi, ya cika shi da ruwan famfo, ya gutsiri gefen fata ɗaya ya jefa ciki. Ya jira. Ya sa yatsa ya tsamo, ya kawo min har hanci.

"Duba nan, Dakta ƙarami. Ko gezau. Waɗanda kake cirewa a minti arba'in, ka jefa su a ruwa ka ga yadda suke yin laɓo-laɓo. Wannan ita ce ta kai ponto."

Ponto shi ne komai a wurin masu mazarƙwaila. Ruwan rake yana tafasa, mai dafawa ya ɗebo da ludayi ya ɗiga a ƙwaryar ruwan sanyi. In ya narke ko ya yi laushi, da saura. In ya dunƙule ya ƙi ruwan, ya yi ƙas a haƙori, ya kai. Duk mutuncin mutum a wannan ɗigon yake. Kawu bai taɓa sauke tukunya ɗanya ba, kowa a can ya shaida.

Na so in kwaɗa masa kofin. Na kasa, don na san inda ya samo wannan tunanin.

Dakta tana da nata gwajin. Ta yanki fata, ta auna a sikeli, ta jiƙa a ruwa kwana ɗaya, ta sake aunawa. Makonsa na farko Kawu ya tsaya yana kallon ta, daga baya ya tambaye ni me take yi. Na ce ponto take dubawa, irin naka. Don in faranta masa na faɗa, ranar ne ma na fara ganin ya yi dariya tun zuwansa. Ban gaya masa cewa ita so take fatar ta sha ruwan ba, kamar rubu'in nauyinta, kada ta wuce kada ta gaza. Na bar shi da nasa.

Akwai kuma abin da ya faru a watan Janairu. Ya ƙara minti goma a wani zubi, na kama shi. Muka ɗora fatun, ruwan da ya fito ya fi na kullum tsabta, sai dai ya ɗan rage gudu. Dakta ta zargi famfo. Na bar ta a kan haka. Da yamma a kan babur har na ce masa, Kawu, hannunka da kyau.

Ban ce masa komai a kan wannan ba ranar Litinin. Na ce ya fita ya share tsakar gida. Ya ce shi ba mai shara ba ne, amma ya fita.

Na ɗora guda ɗaya a ƙaramin injin gwaji. Fata mai kyau takan cika kwalbar sanyi zuwa layin farko a rubu'in awa. Na zauna awa guda da rabi, ko gindin kwalbar bai rufe ba. Ɗigo ya taru a bakin bututu, ya yi ta tunani, sannan ya faɗo.

Na jiƙa wata a ruwan zafi tun safe har la'asar, ko za ta saki. Ta fito yadda ta shiga. Talata na gwada kankare robar da reza in ceci ƙyallen, ƙyallen ya biyo ta. Na tona kwandon tsofaffi, na sami shida na Janairu, biyu sun huje. Injin gwaji babba ashirin da huɗu yake ci. Kawu yana shigowa yana fita, yana kawo shawara. Wai a shafa musu mai. Wai a bar su a raɓa. A gida muka ci abinci ba mai kallon wani. Mama ta tambaya ko lafiya, na ce gajiya ce. Kawu ya ce yaran yanzu haka suke, ba su san godiya ba.

Laraba ƙarfe tara motar Dakta ta tsaya a ƙofa. Gajeriyar mace ce, kullum da kanumfari a bakinta. Ta shigo tana ba mu labarin cunkoson hanya, ta ajiye jaka, idonta ya sauka a kan tebur. Labarin ya tsaya a tsakiya. Ta ɗauki ɗaya ta je taga ta ɗaga ta a haske. Ta daɗe a haka. Ta tambayi tsawon lokacin, na ce awa biyu. Ta tambayi wa ke tanderu. Na buɗe baki, Kawu ya riga ni.

"Ni ne, Dakta. Gyara na yi miki. Yaron nan ɗanyu yake ta cire miki, na daɗe ina gani ina shiru."

Da ta yi faɗa da ya fi min sauƙi. Ta jawo kujera ta ce ya zauna, ita ma ta zauna. Ta sa ya nuna mata gwajin kofin, ya nuna, da fahariyarsa. Ta gyaɗa kai, ta kira shi da Seu, yadda ake girmama dattijo a nan.

"Seu Genival, kai mazarƙwailarka so kake ta ƙi ruwa. Ni tawa so nake ta sha, kada dai ta bugu. Wannan ka mayar min da ita 'yar coci, ko kurɓa ba ta yi."

Ya yi dariya, sannan ya ga ita ba ta yi ba. Ya ce to ai da sauƙi, in tukunya ta wuce, sabon ruwan rake ake zubawa a sake narkar da ita. A narkar da waɗannan mana. Ta ce masa wannan ƙullin ba ya kwancewa, ba da ruwa ba, ba da wuta ba, dalilin da ya sa ake yin sa ke nan tun farko. Ya dubi fatun. Ya dube ni. Ya ce ai ba wanda ya gaya masa.

Ta fita da waya ta tsaya ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Ina hango ta tana kai da komo, hannu ɗaya a ƙugu. Ta dawo ta ce shugabanni sun ƙi ɗaga ranar gwajin. Kakar rake Asabar za ta ƙare, takardar sayen injin tana kan tebur, sa hannu kawai take jira. Ta ce mu ɗora abin da muke da shi.

Muka wuni muna ɗorawa, ni da ita. Kowace fata sai an tallabe ta da hannu biyu kamar ƙwai. Uku suka tsage tun a hannu, muka cike da na Janairu. Muna ɗaure noti na ƙarshe na gaya mata zancen minti goman, da zancen ponto, duka. Ba ta ɗago ba. Ta gama ɗaure notin, ta goge hannu, ta ce mako biyu ta yi tana kwance famfon nan tana mayarwa. Shi ke nan abin da ta ce. Har ta tafi masaukinta ba ta ƙara kiran sunana ba, sai dai miƙo wannan, riƙe wancan.

Alhamis injiniyan ya zo ƙarfe takwas saura. Clebson sunansa, bai fi ni da shekara biyar ba, takalminsa ko ƙura babu. Ya gaisa da kowa, har Kawu. Ya leƙa tankin, ya ɗebi barasa ya auna da kansa: casa'in da uku cikin ɗari. Ana so ta kai casa'in da tara da ɗigo uku kafin ƙarfe huɗu. Ya zauna a kujerar da ke kusa da fanka ya ce mu fara.

Na kunna famfo. Na buɗe zafi zuwa tamanin. Kawu ya tsaya a bakin ƙofa, hularsa a hannu, bai shigo ba bai fita ba.

Bayan awa ɗaya Dakta ta ciro kwalbar sanyi. Abin da ke ciki bai kai rabin kofi ba. Ta auna shi, ta sake aunawa, sai ta yi wata irin dariya ta hanci. Ruwa ne zalla, barasar da ke ciki ba ta kai a faɗa ba. Ta ce shekara huɗu ba ta taɓa samun tsabta irin wannan ba, da a takarda za a buga da ta yi suna. Clebson ya ce madalla, amma shi lita aka aiko shi ya ƙirga. Ta ce ta sani.

Daga ƙofa na ji Kawu ya yi gyaran murya. Ban waiwaya ba.

Sha biyun rana tankin yana casa'in da huɗu. Na yi lissafi a bayan hannuna: a haka sai mun kwana biyar. Clebson shi ma ya yi nasa a waya. Ba mugu ba ne. Ya ce a ƙara zafi mana, ko ruwan zai ƙara gudu, shi ba zai rubuta an canja komai ba. Dakta ta tauna kanumfarinta. Ta ce zai ƙara, amma fatun nan ba sa miƙewa, ƙarfen da ke riƙe da su kuwa yana miƙewa in ya ji zafi. Ya ce to mene ne za a rasa. Ta dube ni, karo na farko tun jiya, ta ce in kai zafin casa'in da biyar.

Ya ƙaru. Ɗigon ya fara bin juna. Ƙarfe ɗaya da rabi barasar ta kai casa'in da biyar da rabi. Ba zai isa ba, kowa ya sani, amma na sami kaina ina kallon bututun kamar mai jiran bas. Ta ce in kai zafin ɗari da biyar. Na kai.

Biyu da kwata muryar famfon ta canja. Da ma yana gurnani ne a hankali, sai ya koma kamar mai kurkure baki. Kwalbar sanyi ta cika cikin numfashi uku. Warin barasa ya cika ɗakin. Na kashe komai.

Sai da ya huce muka buɗe. Biyar sun tsage, duk a gefe, daidai inda ƙarfe ya danne su. Tsaga siririya, sai ka karkata kai za ka gan ta. Na Janairu huɗun nan lafiyarsu ƙalau.

Clebson ya rubuta abin da zai rubuta, bai fi layi shida ba. Ya ce ya ji ba daɗi, kuma ina jin gaskiya ya faɗa. Ya ce a bar makulli wurin mai gadi, gobe ba sai mun zo ba, ofis za su kira. Yana fita Kawu ya tare shi a ƙofa ya tambaye shi ko ana neman mai kula da wuta a wurin tukunyar tururi, shi ya san wuta. Clebson ya ce ya tambaya a ofis. Ya ce wane ofis ɗin. Clebson ya riga ya shiga mota.

Dakta ta kwashe littattafanta a kwali biyu, na kai mata but ɗin mota. Ta ce in sakamakon jarrabawa ya fito in sanar da ita. Na ce to. Makarantar ba ta ɗaukar wanda ba ya aiki a wani ɗakin gwaji, ita ta sani, ni na sani. Ta miƙa wa Kawu hannu, ya karɓa da hannu biyu, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ta tafi.

Na wanke kwalabe duk da ba mai sake amfani da su. Na zare wayar tanderu. Fatun na bar su a kan tebur. Na kulle, na kai makulli.

A kan babur, mun wuce gonakin da aka gama yankewa, ƙasa baƙa da toka, tireloli na ƙarshe suna shiga da rake. Kawu yana bayana, ya riƙe ƙarfen kujera, bai riƙe ni ba. Wajen gada ya matso da bakinsa kusa da kunnena.

"Amma ruwan ya fito tas, Deildo. Kai ma ka ji ta faɗa."

Na ƙara wuta.

Mun iso gida rana ba ta gama faɗuwa ba. Mama tana kicin, ta dafa rogo, tana soya busasshen nama da albasa. Rediyo yana kunne. Ta ce yau kun dawo da wuri, na ce eh. Kawu ya wanke hannu ya zauna a kan tebur, ba a baranda ba. Ta zuba mana. Muka ci. Ta ba mu labarin maƙwabciya da akuyar da ta shiga coci, ta yi dariyarta ita kaɗai. Na jira Kawu ya faɗa mata an rufe ɗakin. Ina jin shi ma ni yake jira. Ya yi ta murza rogo da cokali har ya zama tuwo.

Ta kwashe kwanuka. Ta ɗauko kwanonin tafiya guda biyu daga kan kanta, ta buɗe, ta shinshina, ta kife su a bakin famfo. Bayanta yana wajenmu.

"Gobe Juma'a, kifi na samo muku wurin Nivaldo mai kifi. Da wake zan haɗa, ko da shinkafa kuka fi so?"